Na Bar Kemis Ɗin Taubashina, Kuma Ba Zan Ba Da Haƙuri Ba

Edita, sallama gare ka da duk wanda shafin nan ya faɗo hannunsa. Ni kafinta ne a nan Minna, shekaruna sun ɗan haura hamsin. A lokacin da abin nan ya faru, in ka shigo Limawa ka tambayi gidan mutumin da ba ya iya gaisuwa sai ya haɗa da tsokana, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka ƙofata. Kakana aikin reluwe ne ya kawo shi daga Zariya, ya iso garin nan da guduma ɗaya da baki ɗaya. Gudumar ta ɓace tun zamanin babana, bakin kuwa ni na gaje shi ba tare da an raba da kowa ba. Sana'ata rufi ce. Ina da tumbin da yake riga ni shiga masallaci da raka'a guda, amma in na taka katako na hau sama sai ka rantse ƙadangare ne ya sa hula. Gidajen da na rufa daga Bosso zuwa hanyar Bida, in aka jera kwanonsu, jirgin sama zai iya sauka a kai. Haka nake a lokacin: ga ƙarfi, ga ciniki, ga dariya, kuma ban ɗauki komai da zafi ba.

Abu ɗaya ne kawai nake tsoro, shi ma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Babana ya yi shekara shida a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ni nake juya shi, ni nake yi masa aski, ni nake goge masa baki in ya sha kunu. Mutum ne da a da in ya yi tsawa a soro ana ji a tasha, amma ya koma sai an kanga kunne a bakinsa. Tun daga nan nake roƙon Allah a ɓoye, duk ta inda zai ɗauke ni ya ɗauke ni, amma kada ya kwantar da ni irin wannan kwanciya.

To, sai ciwon kai ya fara kama ni ta ƙeya, irin wanda za ka ji kamar an ɗora maka bulo. Na yi ta cewa rana ce. Maman yara ta ce ranar ai ba ni kaɗai take duka ba, ta tasa ni gaba kamar ragon layya har asibiti. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ya tambaye ni da ƙafata na zo ko ɗauko ni aka yi. Na ce masa da ƙafata, kuma da an ɗauko ni da ya ji ƙarar motar ɗaukar kaya. Ya yi murmushi kaɗan, ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta mini magani iri biyu a takarda, ya ce kullum ne ba fashi, in rage gishiri, in dawo bayan wata guda a sake dubawa. Kuskurena ya fara ne daga ƙofar asibitin nan, don ban tsaya na tambayi kowa farashi ba, ban ma karanta takardar ba. Na ninke ta na sa a aljihu, na ce ai muna da mai kemis a gida.

Mai kemis ɗin taubashina ne, ɗan kawuna, ni kuma ɗan ƙanwar babansa. Duk Bahaushe ya san abin da ke tsakanin taubasai. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawansa. Ni kuma ina ce masa ubangidan da ba ya iya ciyar da kyanwa. A gidan biki mu ne abin kallo, a gidan suna mu ne masu hana mata tuƙa tuwo saboda dariya. Shagonsa yana bakin layinmu, da benci a gaba inda ake majalisa bayan la'asar. Na isa na miƙa masa takarda a gaban jama'a. Ya kalle ta sama-sama, ya ce rubutun likitan kamar kaza ta bi ta kan siminti ɗanye, amma shi ya fara karanta irinsa tun likitan yana goye. Sai ya ja durowa ya jefa ta ciki. Na ce ya ba ni abata, ya ce tun yaushe bawa ya fara ajiye takardu, ai ubangida ke riƙewa. Majalisa ta kwashe da dariya, ni ma na yi, har da buga ƙafa. Ya ɓalle ƙwayoyi daga katinsu ya zuba a 'yar ledar nan mai farin gefe, ya ja sanda ɗaya ta safe da biro, ya miƙo mini. Fari ƙarami da ja. Ba kwali, ba suna, ba kwanan wata. Daga ranar nan takardar likita ba ta sake ganin hasken rana ba.

Duk ƙarshen wata sai in tsaya a ƙofar shago in ce a ba bawa abincinsa. Ya zuba, in biya, in wuce. Asibitin da aka ce in koma ban koma ba, don ya ce mene ne na bin layi daga hantsi har azahar alhali shi ma yana da na'urar. Yakan ɗaura mini, ta yi ƙugi, ya leƙa ya juyar da fuskarta gefensa, ya ce jinin bawa ba ya hawa, sai dai na masu gida. Ko sau ɗaya bai taɓa faɗa mini lamba ba. Ni kuma daɗin maganar nake ji, don ita nake so in ji.

Bayan 'yan watanni sai jar ƙwayar ta ɓace, wata ruwan ɗorawa ta maye gurbinta. Na tambaya, ya ce kamfanin ne ya sake mata riga, kamar yadda mata ke sake anko tsakanin kamu da yinin biki. Kuɗi kuma ya yi ta hawa, wata bayan wata, ya ce dala ce. Da na yi ƙorafin ciwon baya da gwiwa, wanda duk mai hawa rufi ya san shi, sai ya ƙara mini wata ƙatuwar ƙwaya, na sa mata suna Babban Yaya. Ita kam na ji aikinta, in na sha sai in ji kamar in ɗauki tirela a kafaɗa. Ranar da aiki ya yi yawa biyu nake haɗiyewa.

Edita, a nan ne nake so masu karatu su tsaya su ji da kyau, don a nan ciwon yake. Sau uku na je shagon nan da niyyar magana ta gaskiya. Sau uku na ɗaure fuska na ce masa ina so in san sunan abin da nake sha, kuma ina so in ga takardata. Na farko ya ce a zo a ga bawa ya fara karatun likita. Na biyu ya kira mai shayin kusa ya ce ya taya shi kallo, wai ɗaure fuskata kamar ta jariri mai kashi. Na uku ma ban ƙarasa ba, majalisa ta riga ta fara dariya tun ina gyara murya, don sun ɗauka sabon wasa na zo da shi. Mutumin da ya shekara hamsin yana ba mutane dariya, ranar da ya zo da kuka ba mai gane shi. Kuma ni ma, don kada in zama wanda ya ɓata wasa, sai in saki fuska in biye musu. Maman yara ta yi magana har ta gaji. Ta ce in karɓo takardar ita za ta zagaya ta ji farashi a wasu wurare, don abin da muke biya ya fi kuɗin cefanen mako. Na ce mata ta rufa mini asiri, yaya zan ɗauki kuɗina in kai wa bare ga ɗan Kawu da shago, in Inna mahaifiyata ta ji me zan ce mata. Ta ce to, Allah ya sa Inna ce za ta yi jinyar. Na ce mata bakinta ya fi zartona kaifi. Muka bar maganar a haka, fiye da shekara.

Ranar da abin ya faru muna rufin wani gida a Garatu. Hadari ya fara haɗuwa a kwanakin, mai gida yana ta azalzala a gama kafin ruwa ya lalata masa silin. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ina can ƙololuwa, guduma a dama, ƙusoshi a hagu. Sai na ji ƙusoshin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya suna gangarawa kan kwano. Na kalli hannuna na hagu, ga shi nan a jikina, amma kamar na aro shi daga wani. Na ce ya rufe, ya ƙi. Na buɗe baki in kira birkilan da ke ƙasa, wani Bagwari da muka fi shekara goma muna aiki tare, sai maganar ta fito a dame kamar ta wanda ya kwana a mashaya. Wallahi Edita, dariya suka yi. Leburori suka ajiye shebur suna riƙe ciki, wani yana cewa in ƙara, wai yau kwaikwayon bugaggu ake yi. Ina zaune a kan katako, ƙasa tana juya mini, fuskar babana tana gabana, mutane kuma suna tafi. Ban taɓa sanin dariya tana da muni haka ba.

Birkilan ne Allah ya sa ya matso ya kare rana da hannu ya dube ni sosai. Ya ga bakina ya karkace. Ya daka musu tsawa, ya hau tsani da gudu ya rungume ni ta baya kafin in sulale. Yadda aka sauko da ni kuwa, in ba don tsoro ba abin a sayar da tikiti ne. Igiya biyu, maza biyar, ana a sassauta ana a ja, kamar ana sauke tankin ruwa daga bene. Aka shimfiɗa ni a bayan motar da ta kawo yashi, aka nufi asibiti da ni.

Kafin magariba hannun ya fara dawowa, bakin ya miƙe, magana ta daidaita. Likita ya ce in gode wa Allah, wannan gargaɗi ne, kuma ba kowa ake yi wa gargaɗi ba. Ya tambayi maganin da nake sha, na ciro leda daga aljihu. Ya ce sunayensu fa, na ce Fari, Ruwan Ɗorawa da Babban Yaya. Bai yi dariya ba. Aka ɗauko fayil ɗina na bara, aka kira mai kula da magunguna na asibitin, suka zazzage ledar a faranti suna juya ƙwayoyin suna duba tambarin jikinsu. Abin da suka faɗa mini shi ne, farin yana cikin waɗanda aka rubuta, amma mai rabin ƙarfin ne. Ruwan ɗorawar ba ta da alaƙa da hawan jini ko ta nesa, bitamin ce. Babban Yaya kuwa, masoyina, maganin ciwon jiki ne irin wanda mai hawan jini bai kamata ya ɗore a kansa ba, don yana ƙara tunzura jinin kuma yana wahalar da ƙoda. Wato na yi watanni ina biyan kuɗin magani biyu, ina shan rabin guda, ina kuma bin sa da abin da ke rushe shi. Na kwana uku a gadon asibiti. Da za a sallame ni likita ya rubuta sabuwar takarda, sannan ya faɗi maganar da ta fi allurar zafi: ni da hawa rufi har abada.

Ranar da za a sallame ni, taubashina ya zo da lemo da ayaba. Tun daga ƙofa ya fara, wai bawa ya yi ƙaryar mutuwa don ya guje wa aiki. Ya hango takardar a kan gado ya miƙa hannu, ya ce in kawo ya haɗa mini kafin in iso gida. Na riga shi, na tura ta ƙarƙashin cinyata na zauna a kai da duk nauyin da Allah ya ba ni. Ya yi dariya ya ce in ɗaga. Ban ɗaga ba. A gaban maman yara na tambaye shi ina jar ƙwayata ta tafi. Ya fara zancen anko, na ce ya bari, yau ba biki. Sai ya ce jar ta yi tsada kuma ta yi wuyar samu, ya ga in ya faɗa mini zan daina sha gaba ɗaya, shi ya sa ya lallaɓa ni da abin da ke akwai, ai maganin hawan jini duk ɗaya ne, taimakona ya yi. Na ce to kuɗin jar da na ci gaba da biya fa. Ya ce shago ai ba da iska ake riƙe shi ba. Ba na cewa ya yi niyyar kashe ni, Allah ya sani ban yarda da haka ba. Abin da na yarda da shi shi ne bai san aikin ba, ya kuma ji kunyar cewa bai sani ba, kuma wasan da ke tsakaninmu ya ba shi wurin ɓuya. Na ce masa ya ɗauki ayabarsa, lemon dai zan sha don maman yara ta riga ta ɓare.

Magungunan da aka rubuta mini babu su a asibiti, don haka bayan kwana biyu muka ɗauki shatar keke ni da maman yara, muka yi abin da ya kamata mu yi tun bara. Takarda a hannuna, ba na sakinta sai dai a karanta ina riƙe da gefe. Shagon farko a Tunga, gilashi ko'ina, sanyi kamar an buɗe firij, ga mai gadi yana sara mini. Yarinyar da ke tsaron shagon ba ta ɗago daga wayarta ba, ta faɗi farashin da ya sa jinina ya kusa komawa inda ya fito. Na tambaya ko da sanyin ake haɗawa a kuɗin, ta ce in ba zan saya ba in matsa wa na baya. Na waiga, ba kowa a bayana sai matata. Na biyu kusa da kasuwa, shi kuma arhar ce ta ba ni tsoro. Mutumin bai kai ƙarshen takardar ba ya fara ɓalle kati, na ce ya tsaya in ga kwalin, sai ga wurin kwanan wata an kankare shi. Kafin in yi magana ya sunkuyo ya raɗa mini wai yana da na ƙarfin maza mai kyau, ganin na zo da Hajiya. Maman yara ta ja ni waje tana salati.

Na uku a Bosso ne, ƙaramin famasi mai tsabta, ba sanyi sai fanka. Mai wurin mace ce, 'yar Kudancin Kaduna, da 'yar sarƙar gicciye a wuya, takardar shaidar karatunta da ta izinin shago suna rataye a bango inda kowa zai gani. Ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, sannan ta ce Baba ya zauna. Na ce wane Baba, ni da ko furfurar kirki ban tara ba, na ce ta dube ni da kyau, saurayi ne ya ɗan kumbura. Ta yi dariya sosai har da riƙe kanta. Sai ta share ido ta koma kan tambayarta: me nake sha bayan wannan, ina da gyambon ciki, ina shan jiƙo ko sassaƙe, ina azumin Litinin da Alhamis don ta san lokacin da za ta tsara mini. A nan na gane abin da na rasa shekara guda. Ba mai ɗaure fuska nake nema ba. Wanda zai yi dariyar ya gama, sannan ya dawo kan maganar, shi nake nema. Ta ajiye kwali biyu a gabana ta ce magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, kamfani ne daban, duka suna da rajistar hukuma, ga lambar ga kwanan wata, wannan ya fi wannan tsada, in zaɓi wanda aljihuna zai iya ɗauka kowane wata ba tare da fashi ba. Na zaɓi mai sauƙin. Ta rubuta yadda zan sha a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, ta sa na maimaita sunayen har sau uku kamar ɗan aji ɗaya, ta auna ni ta juyo na'urar na ga lamba da idona, ta rubuta a ɗan kati ta ce in riƙa kai wa likita. Ta haɗa rasit da takardata ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ita ce mafi arha a garin ba, amma abin da na biya na magani biyu na gaske bai kai abin da nake biya na rabi da bitamin ba.

Abin da ya ƙarasa ɗaure ni a wurinta ya faru bayan wata uku. Na je, ɗaya ya ƙare mata. Na ce ta ba ni ɗan'uwansa mana, ta ce ba ta da ikon sauya abin da likita ya rubuta. Ta ɗauki waya ta kira wani famasi a Tunga, ta tabbatar akwai, ta tambayi farashi a gabana don kada a ƙara mini, ta kwatanta mini wurin. Ta tura ciniki gidan wani don kada in sha abin da ba shi ba. Na tsaya ina kallonta kamar na ga raƙumi a kan babur.

To, sai dangi suka taso. Labari ya zagaya cewa na tozarta ɗan Kawu, na sa mutanen majalisa sun fara neman a ba su magani a kwalinsa, ciniki ya ja baya. Ban yi shela ba, amma duk wanda ya tambaye ni me ya sauko da ni daga rufi na faɗa masa, kuma zan ci gaba da faɗa. Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure, Inna tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi, taubashina ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce abin kunya ne a ce jininsa ya tsallake shagon gida ya kai kuɗi wurin bare, baren ma wadda ba addininmu ɗaya ba. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, in ba ɗan'uwana haƙuri a gabansu, in koma ko farasitamol ne in riƙa saya don a rufe bakin mutane. Inna ta ce in yi don ita.

Na durƙusa har ƙasa, kuma durƙuso ga mai irin jikina ba ƙaramin aiki ba ne. Na ce wa Kawu Allah ya ƙara masa girma, ban taɓa musa masa ba tun ina yaro, amma yau zan musa. Na ce ƙaddara ce na yarda, amma ƙaddarar a leda aka ƙulla ta aka miƙo mini, na kuma biya. Na ce hawan jini bai tambayi addinin kowa ba kafin ya murɗe mini baki, kuma wanda ya rungume ni a kan rufi ma ba ɗan dangi ba ne. Na ce zumunci yana nan: in an yi haihuwa a gidan taubashina ni ne na farko, in ba shi da lafiya zan kwana a kansa, in ƙofarsa ta ɓalle zan gyara kyauta. Amma haƙuri ba zan bayar ba, don ban san laifin da na yi ba, kuma ko audugar goge kunne ba zan sake saya a shagon ba. Na juya wurin Inna na ce ita ta fi kowa sanin abin da shekara shida a kan tabarma take nufi, in tana so ta sake gani a kan ɗanta to in koma. Sai ta daina kukan. Kawu ya dube ni ya ce ashe na iya magana ba dariya. Na ce na iya, ba a dai taɓa bari na kai ƙarshe ba.

Yanzu ina ƙasa. Ƙofofi nake yi da kujeru da bencin makaranta, samu bai kai na da ba, kuma in na wuce gidan da ake rufi nakan ɗauke kai don kada zuciyata ta karye. Hannun hagu yana saurin gajiya, amma yana riƙe ƙusa. Lambar da ke katina ta sauko ta zauna inda likita yake so. Ni da taubashina muna gaisawa, gaisuwa busasshiya irin ta maƙwabtan da suka yi shari'ar fili. Ya daina ce mini bawa, kuma ba zan ɓoye ba, ina kewar abin. Wasan shekara hamsin ne ya mutu. Ina da nawa laifin, babba ma: ni na bar takardata a durowar wani, ni na ƙi komawa asibiti, ni na fi son a ce mini lafiyata ƙalau a kan a nuna mini lamba, ni na mai da matata abokiyar faɗa alhali ita kaɗai ke faɗa mini gaskiya. Wannan nadamar tawa ce, ina ɗauke da ita. Amma nadamar barin shagon, wannan kam ba ni da ita, kuma duk mai jiran ta ya nemi wurin zama.

Don haka 'yan'uwa masu karatu, musamman ku masu ciwon da ake shan magani kullum, takardar likita taku ce, a karanta a ba ku abarku. Kada ku yarda a ɓalle muku ƙwaya tsirara a leda, ku ce sai da kwali ko kati, ku san sunan abin da kuke haɗiya ko da harshenku zai karye wajen faɗa. Ku zagaya shago biyu uku ku ji farashi, ba rowa ba ce, kuma mafi tsada ba shi ne mafi kyau ba, mafi arha ma wani lokacin kabari yake sayarwa. Ku duba bango ku ga ko akwai shaidar mai wurin ya karanci aikin, don wanda ya iya sayar da maganin mura ba lallai ya iya na hawan jini ba. In launin ƙwaya ya sauya ku tambaya, in amsar ta zo da wasa ku sake tambaya, in ta sake zuwa da wasa ku ɗauki takalmanku. Wanda ya ce muku babu, ku je wuri kaza, ku riƙe shi da kyau. Kuma in mai shagon ɗan'uwanku ne, to ku ninka tambayar, don shi ne wanda za ku fi jin nauyin tuhuma.

Na san a danginmu akwai masu karanta mujallar nan, kuma za su gane mai maganar tun daga layin farko. To ku ji haushi, na yarda. Duk wanda abin ya tsaya masa a wuya ya san inda shagona yake, ya zo mu yi ta ido da ido. Zan ma ba shi kujera ya zauna. Ni na ƙera ta, da hannuwana biyu.